Tulu Na Bakwai

Tun da na aje aikin Hukumar Ruwa
na rasa abin aunawa.
Shekara talatin da ɗaya ina karanta mita,
sai ga hannuwana zaune bisa gwiwa
kamar baƙin da ba a kawo wa ruwa ba.

Na share ɗakin gero na bayan gida,
nan Runjin Sambo,
na jera tuluna shida a kan yashi mai laima.
Wannan zoɓo ne, ja wur,
kanumfari bakwai, ba takwas ba.
Wannan tsamiya da zuma.
Wancan dabinon Agadas da ya biyo ta Illela,
in jiƙa da la'asar, in tace da hantsi.
Citta da kimba suna ƙulle a tsumma.
Tsohon rajistan ofis kuwa ya samu sabon aiki:
rana, awo, ɗanɗano.

Hajo ta leƙo, ta riƙe haɓa:
"Wasu sun tsuhwa da kiyon tantabaru,
kai ko ka tsuhwa da kiyon ruwa."

Ga abin da tulu ya karantar da ni:
zaƙi ba ya zama wuri ɗaya.
Matafiyi ne, cikin dare, ba takalmi.
Kwanan farko jinjiri ne.
Na biyu ya soma buɗe murya.
A zafin Sakkwato,
kwana na uku ba na mai salla ba ne.
Shi ya sa kowace asuba nake kara kunne a bakin tulu.
In na ji tsit, in yi hamdala.
In na ji raɗa, in kira yaran unguwa da kofuna
tun maganar ba ta yi nisa ba.

Na bakwai ƙarami ne, mai tsaguwa a leɓe.
Zabibi na zuba masa, tsarabar Makka,
na rufe da faifai ranar Talata.
Daren nan waya ta yi kuka:
Maidamma, ƙanena, a Goronyo.
Shekara biyu ina cewa sai mako mai zuwa.

Kwana tara na yi bisa tabarma
ina karɓar hannuwan mutane.
Hajo ta rabar da shidan,
ba ta ga ƙaramin a bayan ƙofa ba.

Da na dawo, ɗakin yana magana.
Faifai ya karkace kamar hular ɗan tasha,
kumfa ta gangaro har yashi,
wani ƙamshi mai kaifi ya tare ni,
ya san sunana.

Ban ɗanɗana ba.
Amma ba zan yi wa takarda ƙarya ba:
na tsaya a kansa fiye da yadda ya kamata,
ina mamakin abin da ke aiki a duhu
ba hannu, ba wuta, ba umarnina.

Malam Haliru ta kan katanga ya ce:
"Zubas shi, Alhaji. Mi kaka jira?"

Na kai shi gindin darbejiya na tuntsurar.
Ƙasa ta shanye ba ta tambayi kowa ba.
Can sai ga tururuwa, sahu guda,
suka shiga a jere, suka fito a warwatse,
wata tana zagaya tsakuwa ɗaya har sau uku.
Dariya ta kubce mini,
ta farko tun Goronyo,
har ta koma wani abu da na share da hannun riga.

Na wanke tulun da toka, na kife shi a rana.
A rajista, ƙarƙashin Talata,
inda ya kamata in rubuta ɗanɗano,
na rubuta:
na ce ya jira ni.